Nas Mai Kula da Ciwon Ciki

Kowace shekara nakan tambayi 'yan ajina abin da suke so su zama. Soja, direba, likita. Da wuya ka ji wanda ya ce nas. Amma ku dubi abin da yake kwantar da mutanenmu a Kusasu da sauran ƙauyukan dajin Birnin Gwari in damina ta sauka: zawo, amai da gudawa, taifot, tsutsar ciki. A 2021 kaɗai kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya.

Yaron da zawo ya kama, ƙarewar ruwan jiki ce take saurin kai shi kabari. Nas ce za ta lura idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ta tsunkuli fatar ciki ta ga ba ta koma da sauri ba. Ta san wanda ruwan gishiri da sukari zai ishe shi, ta san wanda sai an ɗaura masa ruwa nan take. Ita ce kuma za ta zaunar da uwa ta koya mata: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, kada kuma a hana yaro nono. Inda asibiti yake da nisa, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba, wannan sani shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Manya kuwa gyambon ciki ne yake damunsu. Dā mukan ɗora laifin a kan yunwa da barkono. A 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da take haddasa yawancinsa, kuma magani yana kashe ta. A manyan asibitoci kamar na koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya, ana zura siririn bututu mai fitila ta baki a leƙa tumbi. Nas ce take shirya majiyyaci, ta tabbata bai ci kome ba, ta kwantar masa da hankali, ta tsabtace bututun bayan an gama.

Yaya ake shiga? Sai da kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A nan 'ya'yanmu suka fi faɗuwa, domin ba mu tura su ajin kimiyya da wuri. Akwai makarantar nas a asibitin St. Luke na Wusasa, akwai kwalejin gwamnati a Kafanchan. A jami'a shekara biyar ake yi. Bayan jarrabawar hukumar nas da ungozoma ta ƙasa ake samun rajista. Ƙwarewa a kan ciki takan zo daga baya, a bakin aiki.

Iyaye, ban ɓoye muku ba, aikin ba na mai ƙyama ba ne. Akwai wankin kashi da amai, akwai kwanan asibiti. Wadda take jinyar ƙanenta ba ta toshe hanci ba, ku fara yi mata maganar. Samari ma ana ɗaukarsu.