Ko Ka San Kana Iya Neman A Ƙara Wa VLC Abin Da Kake Buƙata?

Manhajar nan ta VLC da muke kallon fim da sauraron karatu da ita, mai alamar robar nan ruwan lemo da ake jerawa a titi idan ana gyara, ba wani katafaren kamfani ne ya mallake ta ba. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ta École Centrale Paris a Faransa ne suka faro ta a 1996, don tura bidiyo tsakanin kwamfutocin makarantarsu. A 2001 aka sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Tun 2009 ƙungiyar VideoLAN, wadda ba riba take nema ba, ke riƙe da ita ƙarƙashin jagorancin Jean-Baptiste Kempf. A farkon 2025 ƙungiyar ta ce an sauke manhajar fiye da sau biliyan 6.

Galibin masu aikinta 'yan sa-kai ne, kuma ƙofarsu a buɗe take. Suna da rajista a intanet inda ake shigar da matsaloli da buƙatu, kowace da lambarta, kowa na iya karantawa. Ba sai ka iya rubuta manhaja za ka shigar da taka ba. Sai dai yadda ka shigar da ita shi zai sa a duba ta ko a wuce.

Kafin komai, ka tabbatar abin da kake nema babu shi. Mai hadda da ke son aya ɗaya ta yi ta maimaituwa ba ya buƙatar roƙon kowa: VLC na da maimaici daga A zuwa B, ka sa alama a farko da ƙarshe, ta yi ta zagayawa. Haka rage saurin magana. Idan da gaske babu, ka bincika rajistar, domin sau da yawa wani ya riga ka. In ka tarar da irin buƙatarka, ka ƙara bayanin da ba a kawo ba a ƙarƙashinta, kada ka buɗe sabuwa.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen rubutun kansa. Sai mutum ya ce, "Ku sa maɓalli kaza a wuri kaza," alhali wanda zai karanta bai san abin da ya dame shi ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka ba da labarin aikin: ga abin da nake son yi, ga yadda nake fama da shi yanzu, ga inda nake maƙalewa. Ka faɗi irin wayarka ko kwamfutarka da lambar sigar manhajar, ka haɗa da hoton fuskar na'urar, ko ɗan guntun fayil da za a gwada da shi. Wanda ya san cikin manhajar yana iya hango hanya mafi sauƙi da ba ta zo maka a rai ba. Buƙata ɗaya a rubutu ɗaya. Da Turanci ake rubutawa, amma mai sauƙi ya wadatar; da yawa cikin masu karantawar ma ba harshen uwarsu ba ne.

Me ya sa ake ƙin wasu buƙatun ko da suna da kyau? Saboda ƙara abu a manhaja kamar ƙara ɗaki ne a gidan ƙasa, duk damina sai an yi masa yaɓe. Abin da aka ƙara yau dole ya ci gaba da aiki a Windows da Android da Linux da na'urorin Apple, shekara da shekaru, kuma mutane ƙalilan ne ke ɗauke da wannan nauyin bayan wanda ya kawo shawarar ya kama gabansa. A ganina, wanda ya gane wannan ba zai rubuto cikin faɗa yana tambayar me ake jira ba. Ba a bin ɗan sa-kai bashi.

Jiran ma yakan yi tsawo. Na'urar Chromecast, wadda ake jona wa talabijin, ta fito a 2013, mutane suka yi ta neman VLC ta iya tura mata bidiyo, amma sai a siga ta 3.0, a Fabrairun 2018, abin ya tabbata.

Akwai abin da za ka iya bayarwa don buƙatarka ta matsa gaba. Idan aka yi maka tambaya, ka amsa da wuri. Idan aka fitar da sigar gwaji, ka sauke ka gwada, ka dawo ka faɗi abin da ka gani, domin mai gyaran ba lallai yana da irin wayarka a hannu ba. Fassara kalmomin manhajar zuwa wasu harsuna ma 'yan sa-kai ne ke yi, kuma wannan aiki ne na mai harshe. Idan kuwa buƙatar ta gaggawa ce, ta makaranta ko gidan rediyo, lasisin ya ba ku damar ɗaukar ƙwararre ku biya shi ya yi aikin, sannan ku miƙa wa ƙungiyar ta duba ko za ta karɓa.