Yawon Buɗe Ido A Motar Safa Daga Lima Zuwa La Paz

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Saboda haka ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan yadda masu ƙaramin ƙarfi suke yawon buɗe ido a ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, daga su sai jakar da suka goya a baya. Ƙasashe 20 ne suka ɗauki wannan harshe na hukuma, yawancinsu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, ɗaya kuma a nan Afirka, wato Ikwatoriyal Gini. Zan ɗauki hanyar da na bi da kaina a Peru da Bolibiya ta zama misali.

Da farko dai, me ya sa ake zaɓen safa? Dalili shi ne jirgin ƙasa bai wadata ba a can, jirgin sama kuwa sai mai kumbar susa. Daga Lima, babban birnin Peru, zuwa Kusko kimanin kilomita 1,100 ne. Jirgin sama yakan yi tafiyar cikin sa'a ɗaya da rabi, safa kuwa sai ta haura sa'a 20, domin bayan garin Nazka hanyar takan bar bakin teku ta yi ta murɗewa cikin duwatsun Andis. Amma wanda ya kwana a mota ya huta da biyan kuɗin masauki na daren nan, ga shi kuma ya ga ƙasa da idonsa.

Motocin manyan kamfanoni, irin su Cruz del Sur, yawanci bene ne, da makewayi a ciki. Kujerunsu iri biyu ne. Akwai "semi cama" mai ɗan kishingiɗa, akwai kuma "cama" mai faɗi wadda ta kusa zama gado, ita ce ta fi tsada. Ba a jiran mota ta cika, lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne lokacin tashi. Babbar jaka a ƙarƙashin mota ake sa ta, a ba ka 'yar takarda mai lamba, in ka yar da ita karɓar kayanka sai da jan magana. Kuɗi da fasfo kuwa a jikinka za su kwana. Shawarata ita ce kada a bi araha a motar dare, gama hanyar duwatsu tana bukatar direbobi biyu masu karɓa-karɓa da mota mai lafiyayyen birki.

Babban abin da ya kamata a kiyaye shi ne ciwon tudu, wanda mutanen can suke kira "soroche". Lima tana bakin teku, Kusko kuwa tana bisa tudu mai tsawon mita 3,400, wato kusan ninki uku na Jos. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, kowane numfashi yana kawo kimanin kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar da jiki ya saba samu a bakin teku. Sai ka ga baƙo yana haki, kai na sarawa, zuciya na tashi, barci ya gagara. Maganinsa hawa a hankali. Shi ya sa na bi ta Arekipa, wadda ke mita 2,300, na yi kwana biyu jiki ya saba kafin in wuce. Wanda ciwon ya tsananta masa, ya nemi likita, ya kuma sauko ƙasa ba tare da jinkiri ba, domin yana iya kisa.

To, in an isa gari fa? Biranen da Sifaniyawa suka tsara suna da dandali a tsakiya, da babbar majami'a da ofisoshin hukuma kewaye da shi, daga nan ne ya fi kyau a fara zagayawa a ƙafa. Kusko ita ce hedkwatar daular Inka kafin Sifaniyawa su kama ta a 1533. Maginan Inka sun sassaƙa duwatsu sun jera su ba tare da siminti ba, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Sifaniyawa sun gina majami'ar Santo Domingo a kan ɗakin bautar rana na Inka, amma da girgizar ƙasa ta zo a 1950, ginin sama ne ya lalace, bangon Inka yana nan daram. Mai son ganin Machu Picchu, tsohon garin da Hiram Bingham ya sanar wa duniya a 1911, dole ya sayi tikiti da wuri, don an ƙayyade yawan masu shiga kowace rana.

Daga Kusko safa takan yi kimanin sa'a bakwai zuwa Puno, a bakin tafkin Titikaka. Daga nan sai iyakar Bolibiya, inda kowa zai sauka a duba fasfo da biza, saboda haka a nemi biza tun kafin a bar gida. A mashigin Tikina fasinjoji sukan ƙetare a ƙaramin jirgin ruwa, motar kuma a ɗora ta bisa wani faffaɗan kwalekwale. A La Paz, tun 2014 ake hawa wasu 'yan akwatuna masu tafiya a jikin waya a sama, mutum yana kallon birnin duka a ƙarƙashinsa.

A ƙarshe, ina jan hankalinmu ga abu uku. A koyi gaisuwa da ƙidaya da sunayen abinci da Sifaniyanci, misali "cerdo" shi ne naman alade. A tanadi rigar sanyi, don dare a kan tudu ya fi hunturunmu. A kuma guji watannin Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwan sama yake zaftaro ƙasa ta toshe hanya. Wanda ya kiyaye waɗannan, da guzuri kaɗan sai ya ga abin da a da a littafin labarin ƙasa kawai yake karantawa. Allah ya ba mu ikon zuwa, amin.