Ƙaramin Injin Kwaɓa Siminti: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Tun da masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979, siminti ya shiga ƙauyuka. Yanzu kuma ga ƙananan injunan kwaɓi a kasuwa, masu gida suna saye domin ayyukansu na cikin gida. Da yake a wurin hakimi talakawa kan nemi shawara, a gabansa kuma ake kawo ƙara in gini ya zube wa maƙwabci, ya kamata shi da malaminsa su san abin da injin nan ke iyawa da abin da ba ya iyawa.

Injin ba wani abu ba ne illa ganga mai juyawa bisa ƙafafu, da fukafukan ƙarfe a cikinta masu ɗaga kwaɓi su sako shi. Akwai mai aiki da lantarki, akwai mai shan fetur. Inda wuta ba ta tsayawa, mai fetur ya fi, gama in wuta ta ɗauke da kwaɓi a ciki, sai a juye shi ƙasa a ƙarasa da shebur. Gangar irin na gida ba ta cika wuce lita 140 ba, ba a kuwa cika ta, domin a karkace take juyawa. Watau iyakar abin da take ɗauka a zubi ɗaya shi ne kwaɓin rabin buhu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, inji ba ya ƙara wa kankare ƙarfi. Aikinsa gauraya kaɗai. In an zuba masa ƙaramin siminti da yashi mai ƙasa, zai gauraya su sarai, ya fito da abu mai kyan gani wanda ba zai ga damina uku ba. Ƙarfi a wurin awo yake. Buhun siminti kilo 50 ne, kimanin kwanon sarki biyu ke nan. Awon da aka saba domin daɓe da ginshiƙi da murfin masai shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Saboda haka zubi ɗaya na ƙaramin inji shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Na ƙasan harsashi ana iya sassautawa zuwa 1, 3, 6. Da kwano za a auna, a shafe bakinsa. Awon shebur ba awo ba ne, gama shebur ɗin safe da na la'asar ba ɗaya suke ba in lebura ya gaji.

Amma babbar ɓarna daga ruwa take zuwa. Buhu guda ba ya bukatar fiye da kimanin lita 25, watau babbar jarka ɗaya, in yashi jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori sun fi son kwaɓi ruwa-ruwa kamar kunu, don ya fi sauƙin zubawa da bazawa, inji kuma ya fi saurin sakinsa. To, ruwan da ya wuce kima ba ya zama cikin kankare. Yakan ƙafe ya bar ƙananan kafofi, ta nan damshi ke shiga ya ci rodi, ginin ya yi ta tsagewa. Kwaɓi mai kyau shi ne wanda in an tara shi a baro zai tsaya da ɗan tudu, yana sheƙi, ruwa bai kwanta a kansa ba. Ruwan kuwa ya zama irin wanda mutum zai iya sha. Na kududdufi mai laka ba ya yi.

Wajen zubi, a fara ta da injin tukuna. A zuba rabin ruwan da tsakuwa, don su kankare gangar, sa'an nan siminti, sa'an nan yashi, kana a cika sauran ruwan kaɗan kaɗan. Minti biyu zuwa uku sun isa. Da bazara lalle a yi amfani da abin da aka juye kafin rabin sa'a, kada kuma a ƙara masa ruwa in ya fara kamawa. Bayan an zuba, wajibi ne a riƙa yi masa ban ruwa kwana 7, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, balle da hunturu lokacin da iska ke shanye damshi. Sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa.

Ga misali domin mai son saye ya auna. Daɓen ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, kauri inci 4, zai ci kimanin buhu 9, watau zubi 18. Da mutum uku, ɗaya a bakin inji, ɗaya da baro, ɗaya yana bazawa, an gama kafin azahar. Wanda aikinsa ke nan kaɗai, haya ta fi masa. Saye sai ga mai doguwar niyya, wanda zai yi katanga bana, shago baɗi, ko kuwa 'yan unguwa su haɗa kuɗi su saya tare. Mai son buga bulo kuma ya sani kwaɓin bulo busasshe ne, yakan manne a gangar, irin wannan inji bai dace da shi sosai ba.

Akwai hatsari, ya kamata dagatai da masu unguwa su ji wannan da kyau. Kada a sa hannu ko shebur cikin ganga tana juyawa, gama fukafukan kan fizge shebur su bugi mai riƙe da shi. Mai babbar riga ko mai hannu sake kada ya tsaya kusa da bel, kada kuma a cire murfin da ke rufe shi. A kori yara daga wurin, don su ne masu leƙe. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata kamar ƙuna, ba a jin zafinsa sai bayan sa'o'i, saboda haka a sa takalmin roba da safar hannu. In ya faɗa ido a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Wayar mai lantarki kada ta kwanta cikin ruwa.

Da an tashi aiki a zuba ruwa da shebur biyu na tsakuwa a bar gangar ta juya minti 10, a juye, a kife bakinta ƙasa. Wanda ya bari siminti ya kwana a ciki, gobe sai guduma, guduma kuwa lotsa gangar take yi. Inda injin na jama'a ne, malamin hakimi ya buɗe masa littafi: sunan wanda ya ɗauka, ranar ɗauka da ta mayarwa, abin da ya biya na mai da gyara. Kada a karɓe shi sai an leƙa cikin gangar an ga a wanke take.