Shafi Huɗu na Mujallar Kiɗa da Abin da Suke Koya wa Ɗalibi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, a fagen koyon sana'a kuwa yi da hannu ya kori gani. Malaman da ke koyar da darasin kafofin watsa labarai a makarantun ƙasar Ingila sun daɗe da riƙe wannan magana. Daga shekarar 2008 har zuwa 2017, lokacin da aka sauya tsarin jarrabawa, hukumar OCR, ɗaya daga cikin hukumomin da ke shirya jarrabawar ƙarshen sakandare a can, ta riƙa ba matasa ƴan shekara 16 zuwa 17, wato tsaran ƴan lise na ƙasarmu, zaɓi cikin wasu ayyuka na hannu. Wasu su ɗauki minti biyu na farkon fim, wasu su shirya labaran rediyo, wasu kuwa su ƙago sabuwar mujallar kiɗa da waƙa. Wannan na ƙarshen shi ne za mu duba wa masu karatu a wannan mako, domin shafi huɗu kacal aka riƙa nema daga ɗalibi, amma kafin ya kammala su ya taɓa kusan kowane aiki da ake yi a gidan jarida.

Sharuɗɗan aikin

A wancan lokaci, da farko akan sa ɗalibi ya yi ɗan gwaji: ya tsara bangon mujallar makarantarsu, ɗauke da suna, da ƴan kanun labarai, da hoton wani ɗalibi daga ƙirji zuwa kai. Bayan haka sai babban aikin: bangon mujallar kiɗa, da shafin da ke jera abubuwan da ke ciki, da tagwayen shafuka masu fuskantar juna waɗanda ke ɗauke da babban labari. Sharaɗin da ya fi tsauri shi ne cewa duk hoto da duk rubutu dole su zama na ɗalibin ne da kansa, kuma hotunan kada su gaza huɗu. Ba a yarda ya kwafo hoton wani shahararren mawaƙi ya manna ba. Maki 100 ne a kan aikin, 20 na bincike da shiri, 60 na abin da aka ƙera, 20 na bayanin da ɗalibi zai yi a kan aikinsa, kuma shi ne rabin sakamakon darasin na wannan shekara.

Sanin mai saye

Abin da ɗalibi ke fara koyo, tun bai taɓa na'ura ba, shi ne cewa mujalla ta mai saye ce. Yaro yakan zo da niyyar ya cika shafuka da mawaƙan da shi yake so, sai malami ya tambaye shi: wa zai fitar da kuɗinsa ya saya? Shekarunsa nawa? Nawa zai iya biya, kuma kowane mako ko kowane wata? Daga nan sai ya shiga nazarin mujallun da suka riga shi. Smash Hits, wadda ta fara fita a 1978, ta yara matasa ce masu son waƙoƙin yayi, shi ya sa launukanta suke da haske, labaranta gajeru. Kerrang!, ta 1981, ta masu son kiɗan jita mai ƙara ce, sunanta ma kwaikwayon ƙarar jitar ne. Mojo, ta 1993, ta manya ce masu son dogon labari a kan mawaƙan da suka tashi da su.

A nan ne ɗalibi ke koyon tsara takardar tambayoyi, ya raba wa tsaransa, ya ƙirga amsoshi, ya gane cewa tambayar da ba a tsara da kyau ba amsar banza take haifarwa. Yana kuma koyon yadda masu talla a Ingila ke kasa jama'a gida shida, daga A zuwa E, bisa ga sana'ar wanda ke ciyar da gida, domin kuɗin talla ginshiƙi ne na rayuwar mujalla. Har ila yau ana tambayarsa wane kamfani ne zai yarda ya buga mujallar tasa. Idan ya ce Bauer, wanda ya sayi Q da Mojo da Kerrang! a 2008, sai ya yi bayanin dalilin da zai sa kamfani ya yi wa mujallarsa kishiya a cikin gida.

Hoto

Da yake an hana shi aron hoto, tilas ɗalibi ya nemo abokansa su tsaya a matsayin mawaƙa. Shi zai zaɓa musu tufafi, ya nemo wurin da za a tsaya, ya sa rana, ya jure wa wanda ya ce zai zo bai zo ba. Hoton farko yawanci ba ya amfani, kuma dalilin da ya sa bai yi ba shi ne darasin. Ko dai haske yana bayan mutum fuskarsa ta yi duhu, ko kayan da ke bayansa sun cika yawa har rubutu ba zai karantu a kansu ba, ko kuwa kai ya kai ƙurewar hoto babu wurin sa sunan mujalla. A hankali yakan gane dalilin da ya sa mawaƙin da ke bango yake duban mai saye ido cikin ido, da dalilin da ya sa ɗaukar mutum daga ƙasa ke ƙara masa kwarjini, ɗaukarsa daga sama kuwa ta mai da shi ƙarami.

Akwai kuma lissafi a ciki. Hoton da ya yi kyau a fuskar kwamfuta yana iya fashewa a takarda, domin maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci. Ɗalibin da ya taɓa ganin hotonsa ya dagule bayan an buga ba ya sake mantawa da wannan adadi. Bugu da ƙari, ana sa shi ya yi tunani a kan yadda ya nuna mutanen da ya ɗauka: me tsayuwar yarinyar nan ke faɗa game da ƴan mata, me tufafin yaron nan ke faɗa game da matasan unguwarsu? Tambaya ce da za ta bi ɗan jarida har ƙarshen aikinsa.

Tsarin shafi

Shafin A4 faɗinsa milimita 210 ne, tsawonsa 297, kuma duk abin da za a faɗa a cikin wannan fili za a faɗe shi. Ɗalibi yakan lura cewa a kantin sayar da jaridu ana jera mujallu wata a kan gefen wata, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku na ɓangaren hagu ne kaɗai ke fitowa. Shi ya sa manyan kanu ke taruwa a hagu. Mujallar Q, wadda aka kafa a 1986, harafi ɗaya ne sunanta, fari a cikin jan akwati a kusurwar hagu ta sama, ana hango shi daga nesa. Wanda ya fahimci wannan ba zai ba mujallarsa suna mai kalma biyar ba.

Ɗan gwajin farko na yawancin ɗalibai cike yake da launuka da nau'o'in haruffa, kamar kasuwa ranar cinta. Kafin su kai ga babban aikin sun koyi taƙaitawa: nau'in haruffa biyu ko uku, launi uku, a riƙe su daga bango har shafin ƙarshe domin mai karatu ya san gida ɗaya yake ciki. Suna koyon raba rubutu layi-layi a tsaye domin ido ba ya son dogon layi, da barin farin wuri domin shafi ya sha iska. A tagwayen shafuka kuwa akwai tarko, wato tsakiyar da ake naɗewa: fuskar da ta faɗa can ta rabu biyu, kalmar da ta faɗa can ta ɓace. Haka nan hoton da ake so ya cika shafi sai an bar shi ya zarce gefe da milimita 3, saboda wuƙar maɗaba'a ba kullum take sauka daidai ba. Launi ma da nasa sirrin, domin allon kwamfuta da haske iri uku yake aiki, ja da tsanwa da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shi ya sa jan da ke ƙyalli a allo yakan fito a dushe a takarda.

Rubutu da yanka

Babban labarin yawanci hira ce da mawaƙin da ɗalibi ya ƙago, kuma dole salon maganar ya dace da mai saye. Wahalar ba ta rubutawa ba ce kamar ta ragewa. Filin da ke akwai ba ya ƙaruwa, saboda haka jimlar da ɗalibi ya fi so tana iya zama ita ce za a cire. Kanun bango kalma huɗu ne ko biyar, kuma a cikinsu za a sa mai wucewa ya tsaya. Sai a zaɓo magana ɗaya daga bakin mawaƙin a ƙara mata girma a tsakiyar shafi, a sa wa kowane hoto bayani a ƙarƙashinsa. Shafin da ke jera abubuwan ciki shi ne mai koya tsantseni, domin idan bango ya yi alkawarin labari, dole a same shi a jerin, idan jerin ya ce shafi na 24, dole lambar da ke ƙasan tagwayen shafukan ta zama 24. Kuskure ɗaya na rubutu a babban kai ya isa ya zubar da mutuncin aikin mako shida.

Na'ura

Kafin zuwan kwamfuta, da almakashi da gam ake haɗa shafin jarida. Manhajar PageMaker ta fito a 1985, QuarkXPress a 1987, Photoshop a 1990, InDesign a 1999, kuma waɗannan biyun na ƙarshe su ne ɗalibai da yawa suka yi aikinsu da su. A Photoshop suna koyon ɗora abubuwa hawa-hawa, kamar takardun da ake gani ta cikinsu, ta yadda za a gyara ɗaya ba a taɓa sauran ba. Da haka ake yanko mutum daga bayansa, a sa kansa ya rufe wani ɓangare na sunan mujalla, dabarar da ke nuna mujalla ta yi sunan da ko ba a ga haruffanta duka ba an san ta. Yanko gashi kaɗai yana iya cin yini guda. Suna kuma koyon ajiye aiki kashi-kashi da sunaye mabambanta, darasin da yawanci sai an yi hasara ake ɗaukarsa. Kuma wanda ya ga yadda ake goge tabo a fuska ko a rage ƙiba cikin minti biyar ba zai sake kallon hoton bangon mujalla da idon da ba.

Waiwaye

A wancan tsari, a ƙarshe ɗalibi yakan amsa tambayoyi bakwai. Daga cikinsu akwai inda ya bi al'adar mujallu da inda ya saɓa mata, da yadda ya jawo hankalin mai saye, da abin da ya koya game da na'urori, da bambancin da ke tsakanin ɗan gwajinsa na farko da aikinsa na ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ita ce ma'auni, domin yana ajiye shafukan biyu gefe da gefe ya faɗi dalilin kowane sauyi. Ɗalibin da ya ce ya sa baƙin launi don ya yi masa kyau bai samu maki ba. Wanda ya ce ya sa shi ne don masu sayen da ya tambaya sun danganta shi da irin wannan kiɗa, shi ne ya koyi aikin.

Abin da ya rage

Mai karatu zai iya tambaya ko wannan wahala tana da amfani, ganin halin da mujallun suka shiga. Melody Maker, wadda ta fara a 1926, ta rufe a 2000. Smash Hits ta bi ta a 2006. NME, ta 1952, ta daina fitowa kowane mako a takarda a watan Maris na 2018, Q kuma ta tsaya a watan Yuli na 2020. Manhajojin ma suna tsufa, domin tun 2004 kamfanin Adobe ya daina haɓaka PageMaker. Sai dai wanda ya koyi tambayar wa zai karanta, ya koyi zaɓen hoto ɗaya cikin hamsin, ya koyi cire jimlar da yake so don shafi ya zauna, zai yi amfani da wannan a allon talla, da bangon faifai, da fuskar wayar hannu.

Mu ma a nan abin ya shafe mu. Tun da jaridu masu zaman kansu suka fara fita a Nijar da Haske a 1990, ana bukatar matasan da suka iya haɗa shafi, kuma makarantar IFTIC ta Yamai ta horar da ma'aikatan watsa labarai. Irin wannan aiki ba ya cin kuɗi da yawa: wayar da ke ɗaukar hoto, da kwamfuta ɗaya da za a yi karɓa-karɓa a kanta, da malamin da ba ya gajiya da tambayar dalili. Ɗalibin da zai yi shi da Hausa yana da ƙarin darasi guda wanda takwaransa na Ingila bai sani ba: kafin ya zaɓi nau'in haruffa, sai ya tabbata akwai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa, in ba haka ba ƙasa ta koma kasa a babban kan bango. Mawaƙan da za a sa a bangon kuwa, daga masu gurmi da kalangu har zuwa ƴan jita na Agadas da Yamai, ba sai an ƙago su ba. Allah ya ba malamai da ɗalibai ikon gwadawa.