Gidan Waya da Tarihin Garuruwan Zinariya

A shekarar 2021 labarin zinariya ya bazu daga karkarar Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a Nijar, dab da iyakar Najeriya. Dubban matasa daga ƙasashen biyu suka yi dafifi, kowa da diga da shebur. Ranar 7 ga Nuwamba rijiyoyin haƙa suka rufta a Garin Liman da ke yankin, mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya, hukuma ta rufe wurin.

Sansanin haƙar ma'adini kan cika dare ɗaya, ya watse dare ɗaya, kuma bukkar leda ba ta barin tarihi. Shi ya sa tsoffin garuruwan zinariya na duniya ke ji da gidajen wayarsu. Mahaƙi ɗan ci-rani ne, iyalinsa na nesa. Ta gidan waya yake aika wasiƙa da kuɗin cefane, ta nan kuma saƙon rasuwa ke isa gida. Ranar da gwamnati ta gina gidan waya da jan bulo, ta yarda ke nan cewa sansani ya zama gari.

Johannesbag ta Afirka ta Kudu haka ta faro. An gano zinariya a 1886, zuwa 1897 an gina babban gidan waya a titin Rissik, bisa zanen Sytze Wierda. A 1978 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Amma da ma'aikata suka tashi a 1996 sai ya zama kango, a 2009 gobara ta ci shi. Doka ta ba ginin daraja, rashin masu shiga da fita ya kashe shi.

Mahaƙan Ɗan Issa na wani zamani ne. Da wayar salula suke gaida gida, ta kamfanin Nita ko Al Izza suke tura kuɗi, saƙonninsu kuma kan ɓace tare da wayar. Saboda haka aikin adana tarihi ya koma wuyan ma'aikatar magajin gari da malaman jami'ar Maraɗi: a rubuta sunayen mamata da garuruwansu, a naɗi muryoyin waɗanda suka tsira, a tara hotunan rijiyoyin. Tsoffin gidajen waya da suka rage a biranenmu kuwa, in an gyara su, su ne wurin da ya fi dacewa a ajiye wannan amana.