Shin Soyayya Tana Warkar da Wanda Ya Dawo Daga Yaƙi?

Duk ɗalibin da ya saba karanta littattafan soyayya na Turanci zai lura da wani irin labari da marubuta suke yawan komawa gare shi. Ana kai mai karatu can wani zamani da ya wuce, a nuna masa soja da ya dawo gida bayan an gama yaƙi. Jikinsa ya iso, amma hankalinsa yana can fagen fama. Ba ya barci, ba ya son jama'a, ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura. Daga nan sai wata mace ta shigo rayuwarsa, ta yi ta haƙuri da shi har ya dawo mutum. Abin tambaya shi ne, akwai gaskiya a cikin irin wannan labari, ko kuwa daɗin baki ne na marubuta kawai?

Bari mu fara da ciwon kansa, domin shi dai ba ƙage ba ne. A shekarar 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin da suke karkarwa, ko su kasa magana, ko su manta abubuwa, alhali babu rauni a jikinsu. Da farko an ɗauka ƙarar igwa ce ta girgiza musu ƙwaƙwalwa, wasu hafsoshi kuma suka ce ragwanci ne. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyatnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin jerin cututtuka da sunan da ake taƙaitawa PTSD, wato ciwon firgici bayan masifa. Alamunsa sun haɗa da mugun mafarki, ganin abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, guje wa duk abin da zai tuna masa, saurin fushi, da zama cikin ɗar-ɗar. Idan waɗannan suka wuce wata ɗaya suna hana mutum harkokinsa, to, abin ya zama ciwo. Hausawa sun daɗe da sanin tushensa, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Marubutan Turanci ba su ba da amsa iri ɗaya ba. A 1918 Rebecca West ta fitar da The Return of the Soldier, labarin wani hafsa da ya dawo ya manta shekara 15 na rayuwarsa. Bai gane matarsa ba, tsohuwar budurwarsa kaɗai yake tunawa. Ita ce ta dawo masa da tunaninsa, ta hanyar nuna masa kayan ɗansa da ya rasu. Amma warkewar tana nufin za a iya mayar da shi bakin daga. A 1925 kuma Virginia Woolf ta rubuta Mrs Dalloway, inda wani tsohon soja yake da mata mai ƙaunarsa ƙwarai, amma likitoci ba su fahimce shi ba, ƙarshensa ya hallaka kansa. Daga 2012 zuwa 2016 Mary Balogh ta rubuta littattafai bakwai a kan maza shida da mace ɗaya da yaƙin Napoleon ya tagayyara. Ɗaya ya makance, ɗaya ƙafafunsa sun ragargaje, ɗaya ya koma i'ina. Kowannensu ya sami abokin aure a ƙarshe. Sai dai a lura, kafin soyayya ta zo, sun yi shekara uku a gida ɗaya suna jinya, suna sauraron juna.

To, mu fa a nan ƙasarmu? Dubban samarin Arewa sun yi yaƙin Burma tsakanin 1943 da 1945 a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, har ana kiransu 'yan Burma. Barikin Chindit a Zariya da barikin Dalet a Kaduna daga wannan yaƙi suka samo sunayensu. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya rubuta Burma Boy a 2007, labarin wani yaro mai suna Ali Banana da ya shiga soja da ƙananan shekaru. Bayan nan aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sannan sojojinmu suka tafi Laberiya a 1990, daga baya Saliyo.

Duk da haka, littattafan soyayya na Hausa da suka bunƙasa a Kano, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun fi mai da hankali kan auren dole, kishi, da bambancin mai kuɗi da talaka. Jarumin yaƙi a adabinmu yakan fito ne kamar Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934: yana ba yara labarin bajintarsa, ba ya kukan zuci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya nuna wata fuskar, wato yadda wanda ya saba da bindiga a yaƙin basasa yake iya rikiɗewa ya zama annoba ga jama'a. Al'adarmu tana yabon namijin da ya haɗiye damuwarsa, saboda haka da wuya a ji tsohon soja ya ce yana tsoron dare.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ba soja kaɗai ciwon yake kamawa ba. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyyar gonakinsu a yankin madatsar ruwa ta Bakolori. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Wanda aka sako daga daji, da sojan da ya shiga dajin, da uwar da ta yi ta jiran ɗiyarta, duk suna iya ɗaukar wannan rauni.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Binciken likitoci ya nuna cewa yawancin waɗanda suka ga masifa sukan farfaɗo a hankali, kuma wanda yake da mutanen da suke tsaya masa ya fi saurin farfaɗowa a kan wanda aka yi watsi da shi. A nan marubuta sun faɗi gaskiya. Inda suke kuskure shi ne ɗora wa mace ɗaya dukan nauyin, kamar ita ce likita, ita ce magani. Matar da ta yarda da haka tana iya zama cikin duka da zagi, tana cewa da ƙaunarta ta isa da ya warke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai maganin da ake yi ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyin da likita yake rubutawa. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, don irin wannan aka gina shi, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, idan akwai wani a ajinku ko a unguwarku da ya fito daga irin wannan hali, kada ku yi masa dariya in ya razana, kada ku kira shi mahaukaci. Kada ku matsa masa sai ya ba ku labari. In ya fara da kansa, ku saurara, kuma ku riƙe sirrinsa. In kuka ji yana maganar hallaka kansa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ku sanar da malami ko wani babba nan take. Ga masu sha'awar rubutu a cikinmu kuma, ga fili nan: labarin ɗan Burma da ya dawo Mafara a 1946, da matar da ta tarbe shi, da dangin da suka taru suka riƙe su duka biyun, yana jiran mai alƙalami. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.