Sharaɗin kwanakin zama: Dalilin da ya sa dawowa da wuri ke ƙara kuɗin tikitin jirgi

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Achida zuwa Alƙahira ko Dubai sayo kaya yakan hau jirgi a Filin Jirgin Sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III da ke Sakkwato zuwa Abuja, daga nan ya ƙetare. Yawanci tikitin zuwa da dawowa mafi araha yake yanka. Idan ya kammala cinikinsa cikin kwana biyu ya nemi dawowa, sai ya ji an ce ya ƙaro kuɗi.

Abin da ke jawo hakan sharaɗi ne da ke cikin ƙa'idojin tikitin, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin kwanakin da fasinja zai yi a can kafin ya juyo. Wani tikitin kwana uku ne, wani bakwai, wani kuma dole sai mutum ya kwana daren Asabar.

Kamfanonin jirage sun rungumi wannan dabara ne bayan Amurka ta cire hannunta daga ƙayyade farashin tikiti a 1978. Sun lura ma'aikacin da ofis ke biya wa kuɗin tafiya yana son komawa gida kafin ƙarshen mako ko nawa ne, mai ziyara kuwa yana iya jira. Sai aka ware araha ga mai jira, tsada ga mai gaggawa.

Wanda ya dawo kafin cikar wa'adin ya fita daga rukunin arahar. Za a sake lissafa tikitinsa a farashi na sama, ya biya bambancin, sau da yawa har da tarar sauya rana.

Waɗannan kujeru masu araha ba kullum ake samun su ba. Lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje sama da dala miliyan 800 suka maƙale a Najeriya a 2023 saboda ƙarancin dala, da yawansu sun rufe su ga 'yan Najeriya. Sai a 2024, bayan Babban Bankin Najeriya ya fara biyan bashin, aka soma buɗe su.

Kafin ka biya, ka nemi wakilin tafiye-tafiye ya nuna maka ƙa'idojin tikitin a rubuce: kwana nawa ne mafi ƙaranci, daga wace rana ake ƙirgawa, nawa ne tarar sauyi. Idan aka ɓoye maka sharaɗin, kana da damar kai ƙorafi sashen kare haƙƙin fasinjoji na hukumar NCAA.